Tamba a Cikin Dutsen Hedimasta

Bunamwani, gindin Dutsen Masaba

Zuwa ga jikata Nandutu, amaryata mai gudun miji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a can Johannesburg, ke da malamanki da sanyin garinku. Mu nan lafiya ƙalau, sai gwiwata da ke ƙorafi duk lokacin da hadari ya taso daga tudun Wanale. Kofi ya yi fure. Kada ki ce in kira ki a waya, kin san kunnena ya yi ritaya kafin ni.

Akwai wata jita-jita da na taɓa ji ban yarda ba, ita ce ta sa na ɗauki biro yau. Wai a cikin dutsen nan da ya faɗo mana daga sama akwai ƙwayoyin tamba. Tamba dai irin wadda muke damawa, wai daga rumbun Allah ta zubo.

Kin san labarin faɗowar, ko kina barci za ki iya maimaita shi. Da rana tsaka aka ji rugugi, mutane suka ɗauka yaƙi ne ya dawo, kowa ya faɗa cikin ayaba. Duwatsu suka yi ta zubowa daga nan har kusa da Mbale. Nawa ya sauka a bayan gida cikin rogo, baƙi wuluk, girman gwanda. Lokacin kina jaririya, ubanki Wanzala kuma ya riga ya kwanta da ciwon nan mai ramar da mutum.

Wanda ya fara gaya mini zancen tambar shi ne marigayi Wodeya, a bakin tukunyar giya, tsinken zuƙa a bakinsa. Na ce masa duk wanda ya wuni a kan tukunya, ko matarsa ya kalla tamba zai gani. Ta biyu matar mai wa'azi ce. Na uku, bari mu bar shi.

Dalilina shi ne, ba mai sanin cikin dutse sai wanda ya fasa shi, kuma masu fasawar su ne waɗanda suka niƙe nasu suka sha a ruwa, wai Allah ya jefo maganin ƙanjamau. Na tashi a coci ranar wata Lahadi na ce wannan jahilci ne, na kira su masu tuwon dutse, sunan kuma ya bi wasu gidaje har yau. Nawa na naɗe shi a ƙyalle na sa a akwati. Sau ɗaya a shekara nake fito da shi yara su taɓa. A duk yankin nan shi kaɗai ya tsira daga haƙoran mutane da aljihun Turawa.

To, makarantarmu ta gina ɗakin kimiyya, sun ce sunana za su sa masa, dutsen kuma a ajiye shi cikin gilashi. Bishop zai zo buɗewa bayan tsinkar kofi. Tunda wannan dutsen ne ya kore ki daga gabana zuwa karatun duwatsun sama, ke za ki rubuta abin da za a manna a jikin gilashin. Ki kuma kashe mini zancen tambar nan da ilimi, in karanta a gaban jama'a.

Allah ya tsare ki. Naki,
Erisa Wettaka, tsohon hedimasta

Johannesburg

Zuwa ga Kaka, angona da ba ya jin waya amma yana jin an buɗe tukunya,

Na gaishe ka da kyau, ina gaida gwiwa, ina gaida Kaka Mutonyi idan ta leƙo daga Tororo.

Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Wodeya ya yi gaskiya. Ba tambar ci ba ce, amma girmanta ke nan, kamanninta ke nan. Yawancin duwatsun da ke faɗowa daga sama cike suke da ƙananan ƙwayoyi masu mulmule, kuma a kansu nake karatuna.

Ga yadda aka yi. Shekara biliyan huɗu da rabi da suka wuce babu duniya, sai rana da ta kama wuta sabuwa, ƙura da iska suna kewaya ta kamar ƙaiƙayi a gaban mai shiƙa. Sai wani abu ya riƙa ƙona ƙurar nan farat ɗaya har ta narke. Ɗigon dutse narkakke, ba ƙasan da zai faɗa a kai, sai ya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza. Cikin sa'o'i ya huce ya daskare a haka. Daga baya ƙwayoyin suka haɗu da sauran ƙura suka zama duwatsu, duwatsu suka zama duniyoyi. A duniyarmu duk sun sake narkewa sun ɓace. Sai a irin dutsenka suka rage yadda suke tun farko.

Abin da ya ƙona su kuwa, a nan malamai ke cacar baki kamar taron dangi. Wasu sun ce wata guguwar zafi ce ta ratsa iskar, wasu sun ce walƙiya. Ni da malamata mun fi karkata ga cewa ƙananan duniyoyi ne suka yi karo, ƙanƙarar da ke jikinsu ta zama tururi ta watsa narkakken dutse, kamar yadda mai ke fantsama idan ruwa ya ɗiga a kaskon suya. Muna yanka ƙwayar mu duba cikinta, zanen da ke ciki ne ke nuna mana saurin hucewarta.

Ka ɓantaro mini ɗan gefe kamar farcen babban yatsa. Na riga na cika wa malamata baki cewa kakana yana da dutsen da ruwa bai taɓa taɓawa ba.

Wane ne na ukun?

Taka,
Nandutu

Bunamwani

Amaryata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wato kin haɗa kai da Wodeya, shi yana kabari ke kina ƙasar waje, kun sa ni a tsakiya. Na karanta bayaninki har sau biyu. Abin da na fahimta shi ne an ɗora tukunya a sama, ta tafasa ta yi ambaliya, ba kowa a kusa. To, ba laifi. Zan faɗa wa Bishop haka, shi ya san wanda ya bar tukunyar.

Na sa kurfi da guduma na ɓantaro gefen, a hankali kamar zan yi wa ɗan wani kaciya. Na duba wurin da tabarau biyu, ban ga tamba ko ƙwaya ɗaya ba, amma wataƙila sai da na'urorinku. Maƙwabciyata Kakai tana da ɗiya mai aikin jinya a garinku, ita za ta kawo miki shi cikin kwalbar magani.

An gama gilashin. Mai fenti ya rubuta sunana a saman ƙofa da baƙaƙen da suka fi ni tsayi. Matan coci suna koyon waƙa. Duk wadda na gaya wa an kai dutsena Afirka ta Kudu a auna, sai ta dubi ƙasa. Na ɗauka kwarjinin ilimi ne.

Na ukun ba ruwanki da shi.

Naki,
Erisa Wettaka

Johannesburg

Kaka,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini jinkirin amsa. Na fara wasiƙar nan na yage ta ban san iyaka ba.

Ranar da za a yanka, na tara abokan karatuna, malamata ma ta baro aikinta ta zo. Mai yankan ya riƙe ɗan dutsen, sai baƙin ya shafe masa yatsa. Ya sansana, ya dube ni, ya tambaya ko a gidanmu ana yawan soya albasa. Kowa ya yi dariya, har da ni. Da aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, dariyar ta tsaya. Malamata ta daɗe tana dubawa, sannan ta kashe fitilar ta dafa kafaɗata ta fita da sauran.

Kaka, dutsen nan bai taɓa zuwa sama ba. Ɗan Dutsen Masaba ne, irin wanda ke cike da rafinmu. Babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa. Baƙin da ke bayansa ba ƙunar faɗowa ba ce, hayaƙi ne da maiƙo, hawa kan hawa, na shekaru.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Na san wani abu ya faɗo cikin rogonka. Amma ba wannan ba ne.

Ga shawara, idan ka yarda. Zan roƙi aron ɗan guntu na gaske daga nan, in aiko a sa kusa da naka, in rubuta bayani a kan duwatsun sama gaba ɗaya ba tare da na ce wanne ne wanne ba. Ba wanda zai yanka dutsen cikin gilashi. Ka yi jawabinka, Bishop ya ci abincinsa ya tafi.

Kwana biyu ban iya shiga ɗakin aiki ba, to ina ga kai.

Taka,
Nandutu

Bunamwani

Zuwa ga ƙanwata Mutonyi,

Gaisuwa gare ki da yara. Ba zan ja zance ba. Nandutu ta ce dutsena dutsen rafi ne mai hayaƙi. Mutum biyu ne suka san inda mabuɗin akwatin yake, ni da matata marigayiya Namono. Ke kuma shekarar nan a gidana kika zauna kina taya ta jinyar Wanzala. Wane ɓarawo ne ya shigo, kuma me ya sa ba a gaya mini ba?

Yayanki,
Erisa

Tororo

Yaya Hedimasta,

Ina gaisuwa irin ta ƙanwa, duk da ka aiko mini tambaya kamar ɗan sanda.

Ba ɓarawo. Matarka ce, ni kuma na riƙe mata rariya.

Ka tuna hutun da ka tafi Kampala duba takardun jarrabawa? Wanzala ya kai inda ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Asibiti sun sallamo shi. Namono ta ce mini ba ta yarda dutse magani ba ne, amma ba za ta iya kallon ɗanta yana tafiya ba alhali akwai abu ɗaya a gidan da ba ta gwada ba. Muka fasa shi da taɓarya, ya fi yadda kake zato saurin rugujewa. Ta niƙa ta dama masa a kunu. Jaririyar ma, Nandutu, ta shafa mata a harshe.

Kada ka ɗauka shi kaɗai ya sha. Bayan wa'azinka na coci ba wadda ta isa ta nemi garin dutse a fili, sai su zagayo ta bayan madafa da sunan aron gishiri. Kakai ta zo, matar mai wa'azi ta zo, har daga Bududa an zo. Namono ba ta hana kowa ba, ba ta karɓi ko ƙwai ba. Kafin ka dawo dutse ya ƙare.

Sai ta ciro ɗaya daga cikin duwatsun murhunta, wanda ya fi kama, ta naɗe maka a ƙyallenka. Na ce za ka gane. Ta ce mijinta tun ranar da ya tsaya wa wuƙar kaciya ya zama cikakken namiji bai ƙara sa ƙafa a madafa ba, bai san kamannin dutsen murhu ba. Da ka dawo ka ɗaga shi ka ce ya yi maka sauƙin ɗauka, abincin Kampala ya ƙara maka ƙarfi. Ni fita na yi don kada in fashe.

Ka tambaya me ya sa ba a gaya maka ba. Wa zai gaya maka? Kai da ka sa wa gidajen mutane suna? Duk matan Bunamwani sun sani. Shekara talatin suna turo jikokinsu su taɓa dutsen murhun Namono, suna tafa maka. Ba don raini ba ne, don ita ne.

Abu ɗaya ya rage. Da muke tankaɗe, wasu ƙananan ƙwayoyi sun ƙi niƙuwa, suna gangarawa cikin rariya. Ta ce ba za ta zubar da abin da ya yi doguwar tafiya haka ba. Suna cikin ɗan ƙoƙo mai murfi, a saman murhu inda take rataye irin shuka. Idan kana so, sai dai ka shiga da ƙafarka.

Kuma idan ka tashi a gaban Bishop ka ɓata mata suna, kada ka ƙara rubuto mini.

Ƙanwarka,
Mutonyi

Bunamwani

Nandutu,

Gaisuwa. Yau ba amarya, ban da fuskar yin wasa. Ga wasiƙar Mutonyi na haɗa miki, ki fara karanta ta.

Mako guda ban fita ba, na ce gwiwa ce. Ina zaune a bakin taga, duk macen da ta wuce da tulu sai in tambayi kaina ko ita ma ta zo aron gishiri. Shawararki ta yi mini daɗi ƙwarai, har na fara rubuta miki cewa na yarda. Sai na tuna waɗanda za su zauna a layin gaba ranar bikin. Bishop za a iya rufe masa ido. Su kuwa sun san dutsen tun yana ƙarƙashin tukunya.

Na shiga madafar. Tun rasuwar kakarki take a rufe. Ƙofar gajera ce, ta gaishe ni a goshi. Kakai tana shanya wake a tsallaken shinge, ta ɗago ta tambaye ni ko na ɓata hanya ne, ɗakin karatu yana wancan gefen. Da ta ga dutsen a hannuna, sai ta koma kan wakenta.

Duwatsun murhu biyu baƙaƙe ne, na ukun guntun bulo. Na janye bulon na ajiye dutsena, ya zauna daram a raminsa. Na daɗe a durƙushe. Duk tuwon ayaba da miyar malewa ta tohon gora da na ci a gidan nan, a kan gurgun murhu aka dafa, saboda ƙafarsa ɗaya tana akwatina ana kai ta makaranta.

Ƙoƙon yana nan tsakanin zangarniyar tamba da hayaƙi ya cinye. Na zuba a tafin hannuna. Ba su kai cikin cokalin shayi ba. Wodeya, Allah ya jiƙanka, tamba ce sak.

Jiya aka yi bikin. Na zo da dutsen a ƙyallensa da ƙoƙon a aljihu. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka kira ni. Matan suna kan tabarma a gaba, tsofaffin da na sani tun suna 'yan mata. Na buɗe ƙyallen. Na ce, "Wannan dutsen murhun matata ne. Na sama ya ƙare tuntuni, a gidana aka niƙe shi."

Na jira ƙasa ta tsage. Sai Kakai ta ce daga inda take zaune, ba ta ko ɗaga murya ba, "Mun sani, Hedimasta. Ci gaba."

Dariyar da ta biyo baya ba ta mugunta ba ce, shi ya sa ta fi duka zafi. Bishop ne kaɗai yake waige-waige yana neman wanda zai fassara masa. Na ci gaba. Na ce har yau dutse ba magani ba ne, ɗana ya sha ya mutu, 'ya'yan matan nan ma haka. Amma sunan da na sa wa gidaje, a fara da nawa, ko kuwa a daina gaba ɗaya. Sannan na juye ƙwayoyin a faranti na ba su labarinki, na rana sabuwa da ƙura da ɗigon da ba shi da ƙasan faɗawa. Yara suka yi layi suna leƙawa ta gilashin ƙara girma. Matan ma suka tashi suka bi layi. Matar mai wa'azi, wadda yanzu sai an riƙe ta, ta leƙa ta ce su ne, har ta tuna yadda suke ƙaras-ƙaras a haƙori.

Na roƙi kwamiti su goge sunana daga ƙofar. Suka ce fenti ya riga ya bushe. Zan riƙa wucewa ƙarƙashinsa ke nan, kaina a sunkuye, kamar ƙofar madafa.

Ƙwayoyin na raba biyu, rabi a gilashi, rabi na zuwa gare ki. Dutsen na mayar da shi murhu. Ki rubuta bayanin yadda yake, ki sa sunan wadda ta tsince su.

Kakanki,
Erisa

Johannesburg

Kaka, angona har gobe,

Ina gaisuwa. Sun iso. Na gaske ne. Malamata ta kira duk waɗanda suka fita ranar nan suka dawo suka gani. Mun yanka guda, cikinta zane ne a jere kamar haƙoran mataji, alamar ta narke sarai sannan ta huce da sauri. Ta girmi ƙasar da kake takawa.

Na yi kuka a kan madubin, na ce musu hayaƙin da ke jikinsu ne. Na rayu ne don cutar ba ta kama ni ba, na san wannan. Duk da haka tun jiya nake taɓa harshena.

Na rubuta: Yuniya Namono ce ta ware su da rariya, ta adana su. Yanzu ka gaya mini na ukun.

Taka,
Nandutu

Bunamwani

Amaryata,

Gaisuwa. An manna bayanin, yana da kyau.

Bayan mun binne ubanki da 'yan watanni, ina zaune a inuwa da hantsi ina gyara jadawalin makaranta. Aka zo aka tsaya a gabana da hannu a dunƙule, aka ce, "Baban Wanzala, ka san akwai tamba a cikin dutsenka?" Ban ɗago ba. Na ce ashe yanzu har gidana Wodeya yake buɗe aji. An ɗan jima a tsaye, hannun yana nan a miƙe. Sannan aka mayar da shi cikin zane, aka koma madafa. Daga ranar ban ƙara jin zancen a bakin kowa ba.

Allah ya tsare ki, ya dawo mini da ke kafin tamba ta nuna. Wadda ta gaya mini daga ƙarshe kakarki ce, Yuniya Namono.

Erisa